In haya ce, a ce mana haya ce: martani ga mai cewa ba mu taɓa mallakar waƙa ba

Wani marubuci da nake ganin girman alƙalaminsa ya fitar da maƙala kwanakin baya, inda ya yi wa masu kukan an ƙwace musu abin da suka saya ta intanet wankin babban bargo. Mutanen da yake nufi su ne waɗanda suka biya kuɗi suka sayi waƙa, ko fim, ko littafi, ko wasan bidiyo, aka jima suka duba na'urarsu suka tarar wayam, kamfani ya janye kayansa. A wurin Malam marubucin, wannan kukan na wanda zamani ya bari a baya ne. Ban yarda da shi ba. Amma kafin in faɗi dalilaina bari in shimfiɗa nasa yadda ya kawo su, kada a ce na ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Ya ce tun asali babu mai sauraren da ya taɓa mallakar waƙa. Wanda ya sayi kaset ɗin Shata a Ƙofar Wambai roba da zare kawai ya saya, waƙar tana nan ta mai ita. Saboda haka lasisin da kamfanonin yau suke bayarwa tsohuwar gaskiya ce aka rubuta a takarda. Ya ce sharuɗɗan suna nan a rubuce, kowa da hannunsa ya danna ya amince, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya ce tsarin lasisi ne ya sa talaka yake samun miliyoyin waƙoƙi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya ce fayil ba ya tsufa, ba ya karcewa, don haka in aka bar mutane su sayar da na hannunsu ko su ba da aro, kwafi ɗaya zai zagaye duniya, mawaƙi ya kwana da yunwa, kamar yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood. Ya rufe da cewa labaran goge wa mutane kaya jefi-jefi ne, kuma yawanci ana mayar da kuɗi.

An jera hujjojin da gwaninta, kuma akwai gaskiya a cikin wasunsu. Sai dai ta farkon, wadda sauran suka jingina da ita, a karkace take.

Malam ya cakuɗa abu biyu da doka da al'ada suka daɗe da rabawa: haƙƙin mai fasaha a kan aikinsa, da mallakar mai saye a kan kwafin da ya biya. Babu wanda ya sayi kaset ɗin Mamman Shata ya zaci waƙar ta zama tasa har ya hana gidan rediyo sakawa. Kowa ya san ba shi da izinin kafa na'ura ya riƙa kwafa yana kai wa kasuwa. Amma wannan kaset guda da ke hannunsa nasa ne halak malak. Ya saurara sau dubu in ya so, ya ara wa maƙwabci, ya ba direba kyauta, ya sayar in ya matsu, in ya rasu 'ya'yansa su gada tare da rediyon. Ko kamfanin da ya buga ya rushe, ko ya yi rigima da mawaƙin, babu wanda zai yi sallama a ƙofar gida ya ce a miƙo kaset. Wannan ita ce mallakar da ake kukan rasawa. Kwafinsa mai saye yake nema, bai ce a ba shi waƙar ba.

Kuma wannan rabe-raben ba ƙirƙirar masu ƙorafi ba ce. A shekarar 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin kamfanin ɗab'i na Bobbs-Merrill da masu kantin Macy's. Kamfanin ya buga wani littafin labari, ya rubuta a cikinsa cewa bai yarda kowa ya sayar da shi ƙasa da dala ɗaya ba. Masu kantin suka saro littafin suka riƙa sayarwa a kan santi 89. Kotu ta ce da zarar mai haƙƙi ya sayar da kwafi, ikonsa a kan cinikin wannan kwafin ya ƙare, rubutun da ya manna a ciki ba ya ɗaure wanda ya saya daga baya. Wannan ƙa'idar tana nan har yau a sashe na 109 na dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976. A kanta ɗakunan karatu suke tsaye, da shagunan tsofaffin littattafai, da na hayar faifai. Abin lura shi ne, dabarar da kamfanonin intanet suke yi yanzu ita ce wadda Bobbs-Merrill ya gwada ya faɗi da ita shekara ɗari da ɗoriya baya: manna sharaɗi a jikin kaya don a ci gaba da juya shi bayan an karɓi kuɗi. Bambancin kawai, nasu sharaɗin yana da kwaɗo a cikin manhaja, ba ya bukatar alƙali kafin ya yi aiki.

Sai batun rariya. Gaskiya ne wanda ya sayi rariya ba ya kai ƙara don ta zubar da ruwa, domin ya ɗaga ta ya ga hudojinta da idonsa, mai sayarwa kuma rariya ya kira ta. To a ce an rubuta kwano da manyan baƙaƙe a jikinta, an karɓi kuɗin kwano, sannan can ƙasan wata takarda mai shafuka barkatai, da Turancin lauyoyi, aka rubuta cewa kwanon yana iya komawa rariya duk ranar da maƙerin ya ga dama? Haka ake yi. Maɓallin da mutum yake dannawa, saye aka rubuta a kansa. A shagunan fina-finai na Apple da Amazon akwai wani maɓallin kusa da shi, na haya, mai rahusa, wanda in ka fara kallo awa 48 kake da ita. In na biyun ne haya, na farkon fa mene ne? Me ya sa ya fi tsada? Kamfanin da ya ajiye maɓallan nan gefe da gefe shi da kansa ya koya wa mai saye cewa akwai bambanci, kuma a kan wannan bambancin ya karɓi ƙarin kuɗi. Ranar da aka zo da ƙorafi sai ya ce ai duka lasisi ne. Madalla da wannan ciniki.

In kowa ya sani, kamar yadda Malam yake cewa, ina so ya gaya mana abin da ya kai majalisar jihar Kalifoniya, cibiyar da yawa daga cikin irin waɗannan kamfanonin, yin doka a kai. A watan Satumba na 2024 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ake kira AB 2426, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. Dokar ta hana mai sayar da kayan dijital amfani da kalmar saye sai ya bayyana wa mai biya a fili cewa lasisi yake karɓa. Ta kuma ware kayan da mutum zai sauke ya ajiye a na'urarsa har abada, ba tare da kamfani yana iya janyewa ba. Waɗannan a kira su saye, babu laifi. Ka ga ita ma doka ta gane akwai saye na gaske a duniyar dijital, akwai kuma na jabu. Makonni kaɗan bayan sa hannun, shagon wasannin Steam ya liƙa sanarwa a wurin biyan kuɗi cewa lasisi ake sayarwa. Layi ɗaya ne. Shekara nawa ya kamata ya ɗauke su kafin su rubuta layi ɗaya, in da gaske ba ya rage musu ciniki?

Mu kuwa ba ma sai mun je Kalifoniya ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya yi Risala har ya kai babin ciniki ya san malamanmu sun raba saye da haya, kowane da sharuɗɗansa. Haya tana inganta ne idan an yanka mata wa'adi an kuma ambaci lada. Saye kuwa mallakawa ne, shi ya sa a Muhtasar aka lissafa cinikin da aka gindaya masa sharaɗin da ke rushe manufarsa, kamar a ce mai saye ba zai sayar ba, ba zai kyautar ba, a cikin cinikayyar da aka hana. To mu auna wannan lasisin da ma'aunin nan. In saye ne, ga sharaɗin kada ka sayar, kada ka kyautar, kada ka bar wa magada. In haya ce, ina wa'adin? Wata uku ne, ko shekara goma? Mai biya bai sani ba. Abin mamaki, mai karɓar kuɗin ma bai sani ba, domin wa'adin yana rataye ne da wata yarjejeniya tsakaninsa da wani kamfani na uku, wadda mai saye bai taɓa gani ba kuma ba za a nuna masa ba. Malamai garari suke kiran irin wannan, 'yan kasuwa kuma cinikin biri a sama. Fatawa aikin malamai ne, na bar musu. Abin da nake nunawa shi ne, mutanenmu suna da ma'aunin gane wannan damfara tun kafin a ƙera kwamfuta, kuma bai kamata mai rubutu da Hausa ya koya musu cewa ƙorafinsu ƙauyanci ne ba.

Kada kuma a juya maganata a ce na halatta cin haƙƙin mawaƙi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin marubuci da mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma kare haƙƙin mai fasaha bai taɓa nufin a mayar da mai saye ɗan haya ba tare da an gaya masa ba.

Yanzu ga jefi-jefin Malam. A watan Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle da ke hannun mutane ya goge littattafai biyu na George Orwell da suka saya, ɗayansu 1984, littafin da ke ba da labarin gwamnatin da ke shafe rubutu ta ce bai taɓa wanzuwa ba. Ko marubucin barkwanci ba zai tsara abin haka ba. Dalilin kamfanin shi ne wanda ya ɗora littattafan ba shi da izini. To laifin mai saye ne? Da a kantin littattafai aka yi wannan kuskuren, kantin ne zai biya diyya, ba wanda zai bi gida-gida yana kwashe littattafai daga kan kanta. Wani ɗalibi a jihar Mishigan, wanda bayanan da ya rubuta na aikin makaranta suka tashi a banza, ya kai ƙara, aka sasanta a kan dala 150,000. Shugaban Amazon na lokacin, Jeff Bezos, da kansa ya fito ya ba da haƙuri.

A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan dijital, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa daga watan Yuli. A ƙarshen Agustan 2022 Sony ya cire ɗaruruwan fina-finan Studiocanal daga ma'ajiyar waɗanda suka saye su ta PlayStation a Jamus da Ostiriya. A Disambar 2023 ya sake sanar da cewa shirye-shiryen Discovery sama da dubu da mutane suka biya za su ɓace a ƙarshen wata. Da hayaniya ta yi yawa sai aka sabunta yarjejeniya, aka ce za a bar su aƙalla wata 30. A lura da kyau: abin da aka sayar maka, an yi maka alfarmar ƙarin wata 30. A ƙarshen Maris na 2024 Ubisoft ya kashe kwamfutocin da wasan tseren motoci na The Crew ya dogara da su, wasan ya mutu murus har a hannun waɗanda suke da faifansa. Wannan ne ya haifar da gangamin da ya tara sa hannun mutane fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai. A fagen waƙa ma an sha: a 2008 MSN Music da Yahoo da Walmart duk sun sanar da rufe kwamfutocin da ke ba da makullin waƙoƙin da suka sayar da kwaɗo. Waɗannan ba 'yan tireda ba ne. Su ne manyan kasuwar.

Amma bari in bi Malam a kan cewa ba kullum ake yi ba. Sai me? Abin tambaya shi ne ko suna da ikon yi, kuma suna da shi kowace rana. Rashin amfani da iko alheri ne daga mai iko, ana gode masa, amma ba a kiransa haƙƙi. Batun mayar da kuɗi kuma, Microsoft ya mayar, har ya ƙara dala 25 ga waɗanda suka yi rubutu a gefen littattafansu, an yaba. Amma a wane ciniki ne mai sayarwa shi kaɗai yake da damar warwarewa bayan shekaru, ba da yardar mai saye ba, a farashin da? Ni ma in na gaji da littafin bayan shekara biyar, zan iya mayar musu su ba ni kuɗina? Ai ƙofar ta gefe ɗaya take buɗewa. Kuma wanda ya biya da naira ya san abin da kuɗin shekara biyar baya suke saya a yau.

A kan araha ba ni da ja. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, da Boomplay da Audiomack da sauransu, ba su yaudari kowa ba. Ka biya na wata, ka saurara wata, ka daina biya a rufe. Wannan haya ce mai wa'adi da lada sananne, wadda ta fito da sunanta. Kawo ta cikin wannan muhawarar sauya magana ne, domin ba a kanta ake rigima ba. Sai dai tunda Malam ya kawo ta a matsayin abin da zai maye gurbin mallaka gaba ɗaya, ya kamata ya faɗi sauran labarin. Taylor Swift ta janye waƙoƙinta daga Spotify a 2014, ba su dawo ba sai 2017. Neil Young ya janye nasa a 2022 ya dawo a 2024. Suna da haƙƙin yin haka, kuma mai faifansu a gida bai ma san ana yi ba. Mu nan kuma namu ya fi haka. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka bi da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi kwata-kwata. Duk abin da sai da data da kati da izinin wani kamfani a wata nahiya ake jin sa, mutumin Gusau ya fi mutumin Landan sanin ranar da yake yankewa. A wannan ranar abin da ke cikin memori ne kaɗai yake magana.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta satar fasaha, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Gaskiya ne fayil ba ya tsufa. Gaskiya ne kasuwar faifan finafinan Hausa ta mutu, masu tura fim a waya suka maye gurbin dillalan Ƙofar Wambai, furodusoshi da yawa suka koma YouTube da gidajen talabijin suna neman na cefane. Amma a duba wanda kwaɗon yake kamawa. Ɓarawon fasaha yana da fayil ɗin da ke buɗuwa a kowace waya, ba ya neman data, ba ya neman izini, ba a iya goge masa. Wanda ya biya kuɗinsa na halal shi ne aka ɗaure wa hannu: kada ka canza na'ura, kada ka fita ƙasa, kada ka manta lambar sirri. Wane irin yaƙi da sata ne wannan, da ake hukunta mai gaskiya a bar ɓarawo da kaya mafi inganci? A 2005 Sony BMG ya kai abin har ga dasa ɓoyayyar manhaja a faifan waƙa, wadda take shiga kwamfutar mai saye ba da saninsa ba ta buɗe ƙofa ga masu kutse. Masu sauke na sata ba abin da ya same su. Waɗanda suka je kanti suka biya su ne suka kwashi cutar.

An kuma riga an gwada abin da Malam yake tsoro, duniya ba ta tashi ba. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, waƙa ɗaya santi 99, kowace da kwaɗonta. A Fabrairun 2007 shugaban kamfanin na lokacin, Steve Jobs, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kiran manyan kamfanonin waƙa su bar kwaɗon, domin ba ya hana sata. A 2009 aka cire shi. Cinikin sauke waƙoƙi a Amurka ya ci gaba da hawa har 2012, kuma abin da ya rage shi daga baya shi ne sauraro na biyan wata. Yau Bandcamp yana sayar da waƙa ba kwaɗo, ka sauke ka ajiye, kamfanin ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari ko ƙasa da haka, sauran na mawaƙi ne bayan kuɗin hada-hada. Shagon GOG yana yin haka da wasanni. A 2022 faifan garmaho ya fi faifan CD fita a Amurka, karo na farko tun 1987, miliyan 41 da miliyan 33. Matasan da aka haifa cikin intanet suna biyan kuɗi mai tsoka don su riƙe abu a hannu. Su ma zamani ya bar su a baya ne?

Ga masu cewa don mawaƙi ake yi kuwa, tun Afrilun 2024 Spotify ba ya biyan ko sisi a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba. Ƙaramin mawaƙin da ke da masoya ɗari biyu na gaske, in kowannensu ya sayi kundinsa sau ɗaya, ya ga kuɗi a hannu. A tsarin da Malam yake yabo yana iya tashi ba ko anini. Ban ce tsarin bai amfani kowa ba. Manya suna samu. Amma a daina fakewa da ƙaramin mawaƙi ana kare sharuɗɗan da lauyoyin dillalai suka rubuta don dillalai.

Inda na yarda akwai wuya shi ne sayar da fayil na hannu. Kamfanin ReDigi ya gwada kafa kasuwar tsofaffin waƙoƙin iTunes, da manhajar da ke goge na mai sayarwa yayin da take miƙa wa mai saye. Capitol Records ya kai shi kotu, ya yi nasara a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018, bisa dalilin cewa duk miƙa fayil sabon kwafi ne. Kotun Tarayyar Turai ta halatta sake sayar da lasisin manhaja a shari'ar UsedSoft da Oracle a 2012, sannan ta ƙi yarda da haka ga littattafan dijital a shari'ar Tom Kabinet a 2019. Wato alƙalai suna karanta dokokin da aka rubuta don takarda da roba, suna fitowa da amsoshi mabambanta. Wannan giɓi ne a doka, kuma majalisu ne suke cike giɓi. Kamfanin da ya iya sanin wace waƙa na saurara da ƙarfe biyun dare, ya kuma iya goge ta daga wayata daga wata nahiya, ba zai ce mini ya kasa cire ta daga asusuna ya sa a na ƙanena ba. Iyawa akwai. So ne babu.

Akwai kuma abin da maƙalar ba ta taɓo ba ko da wasa, wato gado. Apple ya fito da tsarin naɗa wanda zai shiga asusunka bayan rasuwarka, amma ya ware waƙoƙi da fina-finai da littattafan da ka saya, ba sa cikin abin da zai samu. Mutum ya shekara ashirin yana tara ɗakin karatu da guminsa, ranar da aka binne shi ɗakin ya koma wa mai kanti. A al'ummar da ake kiran malami ya zo ya raba gado har tabarma da buta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma asarar ta wuce gida ɗaya. Muryar Shata, wanda ya rasu a 1999, da ta Ɗanƙwairo, da tafsirin Shaikh Abubakar Gumi, da yawan abin da muke ji nasu a yau ya iso mana ne ta hannun mutanen da suka sayi kaset suka adana a akwati, da ma'ajiyar gidajen rediyo. Kwafi da yawa a hannaye da yawa shi ne ya tsare su. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa cikin shekara goma sha biyu, kimanin miliyan 50, wajen sauya kwamfutoci. Abin da aka ceto bai kai rabin miliyan ba, shi ma don wasu sun riga sun kwafa sun ajiye ne. In duk waƙar Hausa ta wannan ƙarnin ta zama ta lasisi a rumbun kamfani guda, wa zai ajiye wa jikokinmu, kuma da izinin wa?

Matsayina bai da sarƙaƙiya. Wanda zai ba da haya ya rubuta haya, ya faɗi wa'adi, ya sa farashin haya. Wanda ya rubuta saye ya ba ni fayil ɗin da zan sauke, ya yi aiki ba tare da ya nemi izinin kowa ba, in iya mayar da shi sabuwar waya, in iya barin sa ga magadana. In dole ta sa ya janye, ya sanar da ni da wuri, ya ba ni damar saukewa, ko ya biya ni abin da zai saya mini madadinsa a yau. Najeriya tana da abin da za ta fara da shi. Dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani da harshe mai sauƙin fahimta, ta hana talla mai ruɗarwa da sharuɗɗan zalunci. Hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita ta nuna ba ta tsoron manyan baƙi, tunda a Yulin 2024 ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023 ta ba kwaɗon dijital kariya. To a kare mai biyan kuɗin ma. Masu kafa manhajojin fim da waƙar Hausa su ma maganar ta shafe su, tun kafin su kwafo sharuɗɗan Amurka kalma da kalma su manna wa mutanen Kano da Maraɗi.

Malam ya ce sharuɗɗan suna nan a rubuce, kowa ya karanta. Na karɓa. Ina roƙonsa ya buɗe na shagon da yake sayen littattafansa, ya nemo mana layin da ya faɗi ranar da lasisinsa zai ƙare, da layin da ya faɗi abin da za a biya shi in an janye kafin ranar, ya buga mana su a maƙalarsa ta gaba.